Ɗan Kasuwar Da Ya Rufe Rumfa Ya Koma Fako

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kwamitinmu ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya. Mun buga shi yadda ya ba mu, saboda 'yan'uwa da ba su samu halarta ba.)



Mai girma Sarkin Hausawa, Allah Ya ja zamaninka. Malam Liman da sauran malamanmu, Allah Ya gafarta malamai. Shugaban ƙungiya da 'yan kwamiti, iyayenmu maza, iyayenmu mata, abokan ciniki, da 'ya'yanmu samari, ina yi wa kowa barka da zuwa, da fatan an baro gida lafiya.

Ranar da sakatare ya same ni a rumfa ya ce bana ni zan yi magana a kan hidimar jama'a, na ce masa ya koma ya sake shawara. Ni ɗan goro ne, karatuna na allo ne da Islamiyya, abin da na iya shi ne in buɗe huhu in gane goron da zai kai Kano lafiya da wanda zai lalace a hanya. Ya ce shugaba ya riga ya yanke. To, tun da an aza mini, sai in ɗauka. Amma wa'azi dai ga masu shi nan zaune, ba zan shiga gonarsu ba. Labarin mutum ɗaya zan ba ku, manomi, mutumin ƙauye, wanda ya fara da kasuwa kamar yadda muka fara. Ban taɓa ganinsa ido da ido ba. A rediyo na fara jin sunansa, sa'an nan wani baƙona mai kawo albasa daga wajen Galmi ya ƙara mini bayani, yarana kuma suka nemo mini abin da aka rubuta a kansa suka karanta mini.

Sunansa Yakuba Sawadogo. An haife shi a 1946 a yankin Yatenga, arewacin ƙasar da yau ake kira Burkina Faso. Ƙauyensu Gurga, dab da garin Wahiguya, kimanin kilomita 180 daga Wagadugu babban birnin ƙasar. Mutumin Mosi ne, watau jama'ar nan da fataken goro na da suke ratsa ƙasarsu in za su Gwanja. Yana yaro aka kai shi almajiranci ƙasar Mali. Bai yi boko ba. Da ya dawo sai ya kama ciniki a kasuwar Wahiguya, Allah kuwa Ya sa wa abin albarka, yana samun rufin asiri. Kun ga har zuwa nan labarinsa bai bambanta da na yawancinmu da ke zaune a nan ba: allo, sa'an nan kasuwa.

Sai fari ya zo. Dattawanmu sun san na 1973, wanda ya kashe shanu tun daga Senegal har Chadi. Bayansa ƙasa ba ta gama farfaɗowa ba sai ga na 1983 da 1984. Wannan na biyun ni ma na gan shi da idona, ina ɗan shekara goma sha huɗu a ƙauyenmu, arewacin ƙasar Katsina. Shekarar ce aka canja kuɗi aka rufe iyaka. Gero ya yi kai bai yi ido ba. Rijiyar unguwarmu sai a kwana a bakinta kafin a sami tulu ɗaya. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya sayar da shanun huɗa a kuɗin da yau ba za su sayi buhun gishiri ba, sa'an nan ya damƙa ni hannun ƙanensa, muka hau bayan motar shanu muka yo Kurmi. Haka na zo garin nan. In na ce duk wanda fari ya koro shi ko ya koro mahaifinsa ya ɗaga hannu, na tabbata za mu ga hannuwa da yawa.

A Yatenga ma haka aka yi. Rijiyoyi suka ƙafe, itatuwa suka mutu, waɗanda suka rage aka sare. Mutane suka yi ta watsewa, wasu birni, wasu kudancin ƙasar, wasu gonakin koko na Kodebuwa. To, a daidai wannan lokaci, wajen 1980, da kowa ke ɗaura kaya yana barin ƙauye, shi Yakuba sai ya bar rumfarsa a kasuwa ya koma ƙauye. Jama'a, ku da kuka san daɗin ciniki, ku auna wannan a ranku. Mutum yana da jari, yana da masu saye, ya ajiye ya koma gona. Gonar ma ba fadama ba, ba jigawa mai laushi ba. Fako ya nufa, ƙasar nan da ta ƙeƙashe ta yi tauri kamar daɓe, wadda ko ciyawa ba ta fita a kanta, in an yi ruwa ya zame ya wuce kamar an zuba a bayan ƙwarya.

Abin da ya yi a fakon nan ba daga Turai ya zo ba. Wata tsohuwar dabara ce ta kakanninsu, da harshensu suna ce mata zai, watau a haƙa 'yan ramuka a shuka a ciki. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana. Sai dai shi bai ɗauko ta yadda ya same ta ba, ya zauna ya yi mata gyara, kuma gyaran nan shi ne ya canja kome. Bari in ɗan tsaya a nan, domin akwai manoma a cikinmu, kuma kowa yana da ɗan'uwa manomi a gida.

Da farko ya faɗaɗa ramin ya ƙara masa zurfi. Faɗinsa kamar taƙi ɗaya ko fiye kaɗan, watau santimita 20 zuwa 30, zurfinsa kamar santimita 15 zuwa 20, tsakanin rami da rami kamar taku ɗaya. Ƙasar da aka haƙo ba a watsar da ita, ana tara ta a gefen ramin ta wajen gangare, don in ruwa ya gangaro ta tare shi ya faɗa ciki. Na biyu, da rani yake haƙa, tun damina na nesa. Kafin ruwa ya sauka, iska ta kwaso ganye da ƙura da yayi ta zuba a ramukan. Na uku, kowane rami yana zuba masa taki, cikin hannu ɗaya ko biyu, kashin dabbobi da juji wanda ya ruɓe.

Ga inda hikimar take. Takin nan yana jawo gara. Mu dai abin da muka sani game da gara shi ne ɓarna, ta ci azara, ta ci rumbu, ta ci buhu. Shi kuwa sai ya mai da ita 'yar ƙodago, ba ya biyan ta ko kwabo. In ta zo cin taki sai ta yi ta huda ƙasa tana yin hanyoyi ta ƙarƙashi, ƙasar da diga ke tsalle a kanta sai ga shi ta zama kamar rariya. Ranar da ruwa ya sauka, ramin ya tare shi, hanyoyin gara su kai shi can ciki, ya zauna a inda saiwa za ta same shi. Sai a jefa gero ko dawa a ramin. Ko ruwa ya ɗauke na 'yan kwanaki, shukar maƙwabci ta yi yaushi, ta cikin rami tana nan kore, saboda danshi da taki duk suna wuri ɗaya a gindinta.

Ya kuma haɗa da jera duwatsu a gona. Ana jera su layi-layi a gicciye, ta yadda kowane layi ke bin wurin da tudunsa ya yi daidai. A shekarun nan manoman Yatenga sun koyi auna wannan da tiyo mai ruwa a ciki da sanduna biyu. Duwatsun ba sa tsayar da ruwa ɗungum, rage masa gudu suke yi, ya ajiye ƙasar da ya kwaso, ya sami sararin nutsewa.

Sa'an nan wani abu ya faru. Kun san akuya da saniya suna cin 'ya'yan itatuwa, ƙwallon ya fita cikin kashi. Da damina ta yi, sai ga 'yan itatuwa suna tsirowa a ramukan tare da gero. Manomi da yawa zai sa fartanya ya share su. Shi ya bar su, ya riƙa kula da su, daga baya ma ya shiga neman irin itatuwa yana shukawa da gangan. Yakan ajiye ruwa saboda tsuntsaye, su kuma in sun zo sha sai su bar masa irin da suka ci a wani dajin. A haka, shekara bisa shekara, fakon nan ya zama daji na kusan hekta 40, mai itatuwa da tsirrai fiye da iri 60. Ya sa masa suna Bangar-Raga, ana fassara shi da dajin hikima.

Kada in sa ku ɗauka abin da sauƙi. Hekta ɗaya tana cin ramuka dubbai, masu bincike sun ƙiyasta aikin awa kamar 300, kuma a ƙasa mai tauri, cikin zafin bazara. Sai an tanadi taki, sai an sami amalanke ko jaki na kai shi. Ba kuma kowace ƙasa take karɓa ba. A rairayi zalla ramin rushewa yake yi, a inda ruwa ya yi yawa kuma shukar ruɓewa za ta yi. Saboda haka kada wani ya tashi daga nan ya je ya haƙa a bayan gidansa a nan Kurmi ya ce na yaudare shi. Maganin fako ne, a ƙasa mai ƙarancin ruwa irin tamu ta can gida.

To, me mutanensa suka ce da suka gan shi yana haƙa ramuka da rani? Suka ce ya haukace. Mahaukaci, haka suka riƙa kiransa. Wasu suka ce ya saɓa al'ada, don ba a taɓa ƙasa kafin lokacinta. Da abin ya fara kyau kuma sai hassada ta shigo, har aka cinna wa dajin wuta. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Duk wanda ya taɓa riƙe wa jama'a wani aiki, ko da kuɗin tabarmin masallaci ne, ya san in bai yi ba a ce ya gaza, in ya yi a ce da wata manufa. Yakuba bai bar garin ba, bai kuma yi zuciya ya daina ba. Ya sake shukawa. Mai haƙuri shi ke dafa dutse, shi kam dutse ya dafa na gaske.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na zaɓi labarinsa. Da a ce mutumin nan ya gyara gonarsa ya cika rumbunsa ya yi shiru, da sai mu ce manomi ne mai dabara, shi ke nan. Mu 'yan kasuwa mun san halinmu. In ka gano ƙauyen da goro ke araha, ko ɗan ɗakinku ba ka gaya wa, sai ka ce masa ka tafi gaisuwar mutuwa. Ko ba haka ba? Shi Yakuba sirrin nasa ya ɗauka ya kai tsakiyar fili ya baje.

Daga 1984 ya fara shirya wani taro a ƙauyensu wanda ya yi wa tsarin ranar kasuwa, sau biyu a shekara. Kun ga ɗan kasuwa bai mance da sana'arsa ba. Na farko bayan kaka: kowane manomi ya zo da samfurin irin da ya shuka a ramukansa, gero ne, dawa ce, wake ne, masara ce, ya faɗi yadda ya yi masa. Yakuba ya karɓa ya adana a rumbunsa. Na biyu gab da damina: a sake taruwa, kowa ya zaɓi irin da ya dace da gonarsa ya tafi da shi. A kowane zama kuma akwai abin da za a tattauna, yau yadda ake renon itace, gobe kayan aikin haƙa. Abin ya fara da mutane kaɗan, ya bunƙasa har manoma daga ƙauyuka fiye da 100 suna zuwa. Ya kafa ƙungiyar yaɗa wannan dabara. Yakan hau babur ya bi ƙauyuka yana nuna wa mutane da hannunsa. Dajin kuma ya zama wurin da ake zuwa neman sassaƙe da saiwa na magani, har da itatuwan da suka ɓace a sauran yankin.

Ku lura, duk wannan ba shi da sarauta, ba kansila ba ne, ba ma'aikacin gona ba ne, ba wanda ke biyan shi albashi a kai. Abin da yake da shi, watau sani da iri da ƙarfin jikinsa, shi ya sa a gaban jama'a.

Alherin bai tsaya a ƙasar Mosi ba, har ƙasar Hausa ya iso. A 1989 wani shirin raya karkara ya ɗauki wasu manoma daga Illela, ta jihar Tawa a Nijar nake nufi, ba tamu ta Sakkwato ba, ya kai su Yatenga su ga abin da ake yi. Da suka dawo suka gwada a 'yan gonaki kaɗan. Su can tassa suke ce wa ramukan. Shekarar da ta biyo, 1990, ruwa ya yi ƙaranci, sai aka ga gonakin tassa sun ba da abinci a inda na kusa da su suka ƙone. Daga nan ba a bukaci mai shela ba. Abin ya bazu a ƙasar Adar, har ta kai fakon da a da ko kyauta aka ba mutum ba ya so, ya zama ana saye ana sayarwa, kuɗinsa na hawa, samari kuma suka sami sana'ar haƙa tassa da rani. Baƙon nan nawa mai albasa ya ce mini gonar da yake ci da iyalinsa yau, mahaifinsa fako ya saye ta. A can Burkina kuwa, wani bincike da aka wallafa a 2009 ya ƙiyasta cewa ramukan nan da jeren duwatsu sun farfaɗo da hekta 200,000 zuwa 300,000 a tsakiyar ƙasar. Ba Yakuba kaɗai ya yi wannan ba, akwai dubban manoma da ƙungiyoyi da suka sa hannu. Amma in ana lissafin waɗanda suka buɗe hanyar, sunansa na gaba-gaba.

Daga baya duniya ta ji. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Chris Reij, ya daɗe yana bin aikinsa yana rubutawa. A 2010 wani Baturen Ingila, Mark Dodd, ya yi fim a kansa, ma'anar sunan fim ɗin ita ce mutumin da ya tsayar da hamada. A 2018 aka ba shi lambar Right Livelihood a ƙasar Suwidin, a 2020 kuma hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin gwarzayenta na shekara. Wanda aka kira mahaukaci, sai ga masu digiri suna zama a gabansa da alƙalami da takarda.

Amma akwai wani ɓangare na labarin mai ɗaci, kuma shi ya fi shafarmu mu mazauna Sabo. Dajin nan da ya yi shekara da shekaru yana reno, ba shi da takardarsa. Ƙasar gado ce irin ta gargajiya, kowa ya san ta wane ce, amma ba a rubuce ba. Lokacin tana fako ba wanda ya kalle ta. Da garin Wahiguya ya faɗaɗa ya iso ƙauyen, sai aka shiga yanka filaye, aka fara gine-gine har cikin dajin, ana sare itatuwan da ya shuka da hannunsa. Dattijon nan ya yi shekaru yana fama a kan wannan. Sai a 2021 hukuma ta kewaye dajin da shinge. Ya rasu ranar 3 ga Disamba, 2023, a Wahiguya, yana da shekara 77. Allah Ya jiƙansa, Ya sa itatuwan nan su zame masa sadaka mai gudana.

Jama'a, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Dattawa a nan za su tuna filin da wani mai ƙasa, mutumin kirki, ya ba iyayenmu don a gina wa yara makaranta. Da baki aka yi, aka raba goro, aka yi addu'a, aka watse. Muka ce sai mun tara kuɗi. Mai bayarwa ya rasu, shaidu suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Rannan sai ga wani da takarda da safiyo yana kafa duwatsu. Ina cikin waɗanda aka tura bin maganar. Duk inda muka shiga tambaya ɗaya ce: ina takardarku? Muka dawo hannu rabbana. Ban ga laifin maƙwabtanmu ba, sakacinmu ne. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasar birni tana hannun gwamnan jiha ne, abin da hukuma ta sani shi ne takardar shaidar mallaka. In mutumin da duniya ta san sunansa ya sha wannan wahala a ƙasar kakanninsa, ina ga mu da muke zaune a garin wasu?

Saboda haka ina roƙon shugaba da 'yan kwamiti, kafin taron baɗi a zauna a binciko takardun maƙabartarmu da masallaci da makarantar Islamiyya. Wadda ke akwai a san hannun wanda take, a yi mata kwafi. Wadda babu a kira safiyo a auna, a bi ofis-ofis har a samu. Aiki ne mai cin rai, ba a kiɗa a kansa, ba wanda zai yi maka kirari don ka wuni a layi a sakatariya. Irin haƙan ramin rani ke nan. Ni na sa sunana na farko a masu zirga-zirgar.

Roƙona na biyu game da gida ne. Ba na zargin kowa da barin ƙauye, neman halal muka fito, kuma da kuɗin Kurmi aka rufa asirin gidaje da yawa a Arewa. Amma mu duba inda kuɗin ke tafiya. Ni kaina na gina ɗaki mai kwano a ƙauyenmu, ina aika buhun shinkafa da azumi, ina aika rago da layya. Bara da na je gida na ce ƙanena ya raka ni gonar mahaifinmu, wadda ya bari shekarar da ya sa ni a motar shanu. Wallahi tana nan yadda ya bar ta, fako fetal, shekara arba'in. 'Ya'yan ƙanen nawa kuwa suna nan garin suna tura baro. Na tsaya a wurin na ji kunya ta kama ni. Shinkafar da nake aikawa kafin Salla ta ƙare. Da kuɗin buhu biyu na sa an haƙa ramuka an zuba taki, da yanzu wani zance ake yi.

Na riga na yi magana da ƙanena. In Allah Ya kai mu rani, za mu gwada a kusurwa ɗaya ta gonar, baƙona na Galmi ya yi alkawarin turo mana wanda ya iya tassa ya nuna wa yara. In ta yi zan zo in faɗa muku, in ba ta yi ba ma zan faɗa. Wanda duk garinsu ke da irin wannan ƙasa, mutanen Daura, Katsina, Gobir, Gumel, Damagaram, ya same ni a rumfa mu haɗa kai, mai koyarwa ɗaya ya isa ƙauyuka da yawa. Na san wasu garuruwanmu yanzu rashin tsaro ya hana zuwa gona, Allah Ya kawo mana ƙarshensa. Inda ake iya zuwa, a fara.

Na uku, kowane maigida a nan yana da nasa irin a rumbu. Wani ya san goro, wani ya san shanu, wani canji, wani ɗinki, wani tuƙi. Yara na sauka daga mota kullum ba su san kowa ba, sai gada da tasha. In kowannenmu ya ɗauki yaro ɗaya wanda ba ɗansa ba, ya koya masa sana'a da lissafi da riƙon amana, bai ɓoye masa kome ba, to mun yi tamu ranar kasuwar irin ta Yakuba. Haka aka yi mana. Ni maigidan da ya koya mini zaɓen goro ba mu haɗa ko gari ba.

Kafin in zauna, akwai masu irin halin mutumin nan a cikinmu, ba sai mun je Burkina ba. Akwai waɗanda in an yi rasuwa, ko tsakar dare ne, su ke ɗaukar diga su nufi maƙabarta. Akwai masu yashe kwata kafin damina don kada ruwa ya shiga gidajen mutane. Akwai iyayenmu mata da ke kwana a asibiti da matar da ba su san daga inda ta fito ba, don dai an ce Bahausa ce ba ta da kowa. Akwai mai jin Yarbanci da ke barin rumfarsa ya je ya yi wa baƙo tafinta a ofishin 'yan sanda. Ba zan kira suna ba don na san ba za su so ba, amma kowa ya san su. Kada mu jira sai sun mutu mu ce Allah sarki, mutumin kirki ne. Mu taya su tun suna raye, ko da riƙe musu rumfa ne ranar da suka tafi aikin jama'a.

Ranka ya daɗe Sarki, Allah gafarta malamai, iyakar abin da ya sawwaƙa ke nan. Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na yi kuskure ku yafe mini, ɗan kasuwa ne ya hau mumbarin da ba nasa ba. Allah Ya ba mu damina mai albarka a gida, Ya ba mu ciniki mai albarka a nan, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.